Darasi na Bakwai: Aikin Al'umma Wajen Yaƙi da Tamowa da Kare Lafiyar Uwa a Ƙauyukan Birnin Kebbi da Argungu

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana son ɗalibi ya iya:

1. Bayyana ma'anar tamowa da ire-irenta.
2. Faɗin dalilan da ke kawo ta ko a ƙasar da ake noma da kamun kifi.
3. Gwada damtsen yaro da duba kumburin ƙafa, ya kuma san matakin da zai ɗauka.
4. Haɗa garin kunu mai gina jiki daga amfanin gonarmu.
5. Lissafa alamomin haɗari ga mai ciki da mai jego.
6. Tsara yadda mutanen ƙauye za su raba aikin a tsakaninsu.

1. Halin da muke ciki

Allah ya albarkaci kwarin Rima. Daga Augie zuwa Argungu, daga nan har Birnin Kebbi da Kalgo, fadama ce shimfiɗe, ana noman shinkafa rani da damina. A tudu ga gero da dawa da wake da gyaɗa. A ruwa ga tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a Matan Fada, kuma a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na gwamnatin tarayya a 2015.

Duk da wannan arziki, babban binciken lafiyar iyali da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna cewa yara 66 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Kebbi sun tsumbure, alhali a ƙasa baki ɗaya yara 37 ne cikin 100. A wancan bincike, babu jihar da ta kai Kebbi a wannan ma'auni. Binciken ya kuma nuna cewa ko mace ɗaya cikin goma ba ta haihuwa a hannun ƙwararriyar ma'aikaciyar lafiya a jihar.

Wannan ya nuna cikar rumbu kaɗai ba ta isa ba. Abin dubawa shi ne me ke shiga kwanon yaro, wace cuta ke cin jikinsa, da kuma tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a nemi taimako. Duka ukun a gida da unguwa ake yanke su, shi ya sa maganinsu ma daga gida da unguwa yake farawa.

2. Mece ce tamowa?

Jikin yaro yana buƙatar abinci iri uku: mai ba da ƙarfi (gero, dawa, shinkafa, mai), mai gina jiki (wake, gyaɗa, kifi, ƙwai, nono, nama), da mai kare jiki daga cuta (zogale, rama, yakuwa, kabewa, gwanda, mangwaro). Idan ɗaya ya yi ƙaranci na tsawon lokaci, ko cuta ta hana jiki amfana da abin da aka ci, sai tamowa ta shiga.

> AKWATIN KALMOMI NA 1
> Tamowa: lalurar da ke kama jiki saboda rashin isasshen abinci mai gina jiki, ko saboda cuta ta hana jiki amfana da shi.
> Ramewa: yaro ya zube cikin ɗan lokaci, haƙarƙari ya bayyana, fatar ɗuwawu ta saki. Tana iya kisa cikin makonni.
> Tsumburewa: tsawon yaro ya gaza na tsararrakinsa saboda daɗewa cikin rashin abinci mai kyau. Tana taɓa har ƙwaƙwalwa.
> Tamowa mai kumburi: ƙafafu biyu su kumbura, wani lokaci har fuska, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta riƙa saɓulewa.

Mai kumburi ita ce ta fi ruɗar iyaye, domin sai a ɗauka yaro ƙiba ya yi, alhali ruwa ne ya taru a jikinsa. Tsumburewa kuwa ba a cika lura da ita ba, saboda idan yaran unguwa duk gajeru ne, sai a ce ai haka jininsu yake.

3. Me ke kawo ta?

*Abinci iri ɗaya.* A gidaje da yawa yaro yana wuni kan koko mai ruwa-ruwa da fura, da dare a ba shi tuwo da miyar kuka. Ciki ya cika, amma abin gina jiki bai shiga ba. Kifin da maigida ya kamo da ƙwan da kaji suka saka sun tafi kasuwa.

*Cututtuka.* Gudawa da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro suna kashe wa yaro sha'awar abinci, suna kuma zubar da abin da jiki ya tara. Yaron da ya rame ya fi saurin kamuwa da cuta, cutar kuma ta ƙara ramar da shi. Binciken 2018 ya samu ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin fiye da rabin ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi. Ruwan fadama da ke ba mu shinkafa shi ne kuma yake tara sauro.

*Tsakiyar damina.* Daga Yuni zuwa Satumba rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sabon amfani bai iso ba, ga zazzaɓi da gudawa sun yi yawa. A wannan lokaci ne cibiyoyin tamowa ke cika. Idan aka yi ambaliya, kamar wadda ta cinye gonakin shinkafa a jihar a 2020, wahalar takan zarce har shekara mai zuwa.

*Kwanika da yayen gaggawa.* Uwa ta samu ciki tana goyo, sai a cire yaro daga nono rana ɗaya, a kai shi wurin kaka. Sau da yawa daga nan ramewa ke farawa.

*Halin uwa.* Mace mai ƙarancin jini, ko yarinyar da ta ɗauki ciki jikinta bai gama ƙosawa ba, ta fi haifar jariri marar nauyi. Lafiyar yaro daga jikin uwarsa take farawa.

4. Kwana dubu na farko

> AKWATIN KALMOMI NA 2
> Kwana dubu na farko: daga shigar ciki har yaro ya cika shekara biyu. Kwana 270 na ciki, da 365 na shekarar farko, da 365 na ta biyu, jimla 1,000.
> Dakashi: nonon farko mai kauri, mai launin rawaya, da ke fitowa a kwanakin farko bayan haihuwa.
> Nono zalla: shayar da jariri nonon uwa kaɗai, ba ruwa ba kunu, har wata shida. Maganin da ma'aikacin lafiya ya bayar ne kawai ake ƙarawa.

Manomin shinkafa ya san irin da ya wahala tun a wurin reno ba ya yin yabanya mai kyau bayan dashe, komai takin da aka zuba masa daga baya. Haka yaro yake. Tsumburewar da ta kama shi kafin shekara biyu da wuya ta gyaru.

Ga ƙa'idojin ciyarwa a wannan lokaci:

- A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Kada a matse dakashi a zubar, domin shi ne rigakafin farko da jariri ke samu.
- Daga haihuwa zuwa wata 6, nono zalla. Kusan kashi tara cikin goma na nonon uwa ruwa ne, don haka ko a zafin bazara ya wadatar da jariri. Uwa ce za ta ƙara shan ruwa.
- Daga wata 6 zuwa 8, a ci gaba da nono, a ƙara abinci mai laushi sau 2 ko 3 a rana.
- Daga wata 9 zuwa 23, abinci sau 3 ko 4 a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kamar ayaba ko dafaffen dankali.
- A ci gaba da shayarwa har shekara biyu, kamar yadda Alƙur'ani mai girma ya ambata a Suratul Baƙara.
- Kunun yaro ya yi kaurin da zai tsaya a cokali. A ba shi kwanonsa daban, domin a san abin da ya ci.

Misali na 1. Wata 'yar sa-kai mai kula da lafiyar yara ta shiga gidan da aka haihu kwana uku, ta tarar kakar jariri na shirin ba shi ruwa da cokali.

Ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta ce, "Inna, barka da arziki. Na ga kina shirin shayar da angon naki."

Tsohuwa ta ce, "'Yar nan, da wannan zafi a bar ɗan mutum ba ruwa? Mu haka muka reni namu."

Ta ce, "Gaskiya ne, Inna, kun sha wahalarmu, Allah ya saka da alheri. Sai dai ruwan da yake buƙata Allah ya riga ya sa masa a nono. Na randa kuwa yana iya sa shi gudawa, ya kuma cika masa ciki ya rage tsotso. Ki ba mai jegon ta sha, shi zai samu nasa ta nan. In yana jiƙa zanensa da fitsari sau shida ko fiye a wuni, to ba ya jin ƙishi."

A lura 'yar sa-kai ba ta ƙaryata tsohuwa ba, kuma ta ba ta alamar da za ta duba da idonta. A yawancin gidajenmu maganar kaka ce ke aiki a kan jariri, saboda haka duk koyarwar da ta tsallake ta ba ta zama.

5. Gano tamowa tun da wuri

Akwai gwaji biyu da kowace uwa za ta iya yi a tsakar gida, ko ba ta taɓa shiga aji ba.

*Awon damtse.* Ana amfani da wani siririn madauri mai launi uku, ga yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5. A tuɓe hannun hagu, a nemo tsakiyar tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a saki hannun ya sauka, a zagaya madaurin ba matsewa ba sako-sako, a duba launin da kibiya ta nuna.

- Kore, santimita 12.5 zuwa sama: lafiya lau, a ci gaba da kula.
- Rawaya, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5: matsakaiciyar tamowa. A je asibiti a duba shi, a inganta abincinsa.
- Ja, ƙasa da 11.5: tamowa mai tsanani. A kai shi cibiya ba tare da jinkiri ba.

*Gwajin kumburi.* A danna saman ƙafafun yaro biyu da manyan yatsu, a ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, a ɗaga. Idan rami ya zauna a ƙafafun biyu, tamowa ce mai tsanani, ko da madauri ya nuna kore.

Misali na 2. An gwada yara huɗu a wata unguwa. Na farko 13.2, ba kumburi. Na biyu 12.0, ba kumburi. Na uku 11.1, ba kumburi. Na huɗu 13.0, amma rami ya zauna a ƙafafunsa biyu. Yaya za a yi?

Amsa: na farko lafiyarsa ƙalau. Na biyu yana kan rawaya, a kai shi a duba, a ƙara masa abinci mai gina jiki, a sake gwada shi bayan mako biyu. Na uku da na huɗu duka suna da tamowa mai tsanani, a kai su cibiya a ranar.

6. Jinya a cikin al'umma

A da, sai an kwantar da yaro a asibiti makonni, uwa ta bar gida da sauran 'ya'ya. Da yawa ba sa zuwa, waɗanda suka je ma sukan gudu. Abin ya sauya da aka ƙirƙiro wani abinci na magani a Faransa a 1996, wanda ake haɗawa da gyaɗa da madarar gari da mai da sukari da sinadarai. Ba a dafa shi, ba a zuba masa ruwa, kuma ba ya saurin lalacewa. A yunwar 2005 a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, an warkar da dubban yara da shi suna zaune a gidajensu.

A Nijeriya, an fara gwada wannan tsari a 2009 a jihohin Kebbi da Gombe da taimakon UNICEF. Daga 2011 kuma shirin WINNN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, ya yi aiki a Kebbi da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe, inda aka haɗa jinya da ƙungiyoyin mata masu koya wa juna ciyar da yara. Tun 2022 ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da yara masu tamowa a jihar, har da sashen kwanciya a babban asibitin Maiyama.

> AKWATIN KALMOMI NA 3
> Madarar tamowa: abincin magani na cikin leda da ake ba yaro mai tamowa mai tsanani. Nauyin leda ɗaya giram 92.
> Gwajin cin abinci: a ba yaro madarar a gaban ma'aikaci. In ya ci, a gida za a yi jinya. In ya ƙi, sai an kwantar da shi.
> 'Yar sa-kai: mace daga cikin unguwa da aka horar don gwada yara, tura su cibiya da bibiyar su.

Uwa tana kawo yaro sau ɗaya a mako, a auna shi, a ba ta rabon mako gwargwadon nauyinsa. Yawanci yakan warke cikin mako shida zuwa takwas. Wanda ke da zazzaɓi mai zafi, amai ba tsayawa, numfashi sama-sama ko kumburi har fuska, asibiti za a kwantar da shi.

Misali na 3. A ɗauka an rubuta wa yaro leda 2 a rana, wato 14 a mako. Uwa ta tausaya wa yayyensa biyu, tana ba kowanne leda ɗaya duk bayan kwana biyu, kusan leda 7 ke nan a mako. Yaron da ke da tamowa ya samu 7 kacal, rabin maganinsa. Ba zai ƙaru ba, kuma jinyar za ta ja. Madarar tamowa magani ce. Ba a raba ta, ba a sayar da ita. Wanda ya kai ta kasuwa, da ran yaro ya yi ciniki.

7. Garin kunu daga gonarmu

Rigakafi ya fi magani. Madarar tamowa takan yanke a cibiyoyi, amma gero da waken suya da gyaɗa suna kasuwannin ƙauyukanmu. Akwai haɗin gari da ake kira Tom Brown, wanda ma'aikatan MSF suka riƙa koya wa mata a Jihar Kebbi. Ma'auninsa shi ne shida, uku, ɗaya: awo 6 na gero ko dawa, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa.

Yadda ake yi: a tsince hatsi a wanke a shanya. A jiƙa waken suya a murje ɓawonsa, a shanya ya bushe, a soya sama-sama har ƙamshi ya tashi. A soya gyaɗa a murje, a zubar da duk wadda ta yi fumfuna ko ɗaci. A ɗan soya hatsin, a haɗa duka a niƙa, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi. In za a dama, a kwaɓa da ruwa mai tsabta, a zuba a tafasasshen ruwa, a juya har ya nuna ya yi kauri. A ƙara cokali ɗaya na manja, da garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, ko garin zogalen da aka shanya a inuwa.

Wannan kunu na rigakafi ne, da kuma yaran da ke kan rawaya. Ba ya maye gurbin madarar tamowa ga yaron da ke kan ja.

Misali na 4. Mata biyar suna son haɗa gwangwani 30 na gari. Jimlar ma'auni 6 da 3 da 1 ita ce 10. A raba 30 gida 10, an samu 3. Sai a ninka kowanne sau 3: gero 18, waken suya 9, gyaɗa 3. Kowace mace za ta tashi da kimanin gwangwani 6, kuɗin niƙa kuma a raba shi biyar.

8. Lafiyar mai ciki da mai jego

Binciken 2018 ya ƙiyasta cewa a duk haihuwa 100,000 a Nijeriya, mata 512 ke rasuwa sanadiyyar ciki ko haihuwa. Manyan dalilan su ne zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda da zazzaɓin bayan haihuwa. Jaririn da ya rasa uwa kuma shi ne na gaba wajen faɗawa tamowa.

> AKWATIN KALMOMI NA 4
> Awon ciki: zuwan mai ciki asibiti a kai a kai don duba lafiyarta da ta abin da ke cikinta.
> Jijjiga: sanƙarewa da taune-taune da hawan jini ke jawo wa mai ciki ko mai jego.
> Doguwar naƙuda: naƙudar da ta wuce awa 12, wato daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ba a haihu ba.
> Yoyon fitsari: raunin da doguwar naƙuda ke yi wa mafitsara, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa.

A fara awo tun cikin wata uku na farko. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa sau takwas. A wurin awo ana gwada hawan jini da fitsari, a ba da ƙwayar ƙarin jini, da allurar rigakafin tsinkau-tsinkau, da maganin rigakafin zazzaɓi daga wata na huɗu, da gidan sauro. Mai ciki ta ƙara cin abinci sau ɗaya kan yadda ta saba, mai shayarwa ta ƙara sau biyu. A rage mata daka da ɗaukar ruwa daga nesa.

Alamomin haɗari da ba a kwana da su:

- zubar jini, komai ƙanƙantarsa, ga mai ciki;
- ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu;
- jijjiga ko suma;
- fashewar faya ba tare da naƙuda ba;
- ɗa ya daina motsi;
- doguwar naƙuda, ko hannu ko cibiya su riga kai fitowa;
- mabiyiya ta ƙi faɗowa bayan rabin awa;
- jini mai yawa, zazzaɓi ko ruwa mai wari bayan haihuwa.

Jijjiga ba iska ba ce, hawan jini ne, kuma akwai allurarta a asibiti. Yoyon fitsari ma ana gyara shi da aiki, akwai cibiyarsa a Gesse cikin Birnin Kebbi. Game da jego, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wanka da ruwa mai tsananin zafi da ciwon zuciyar masu jego. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, a rage kanwa, a ba mai jego kifi da wake da ganye. Ma'aurata kuma su ba da tazarar aƙalla shekara biyu kafin wani ciki.

9. Jinkiri uku da maganinsu

Masana sun lura cewa mace takan rasu ne a ɗayan jinkiri uku.

*Jinkirin yanke shawara.* Mai cikin fari tana jin kunya ta ɓoye naƙuda, ko maigida yana fadama ko ya tafi cin rani, babu mai ba da izini. Magani: tun ciki na wata bakwai maigida ya ba da izini a gaban mahaifiyarsa da wani babba, cewa duk lokacin da alama ta bayyana a tafi, yana nan ko ba ya nan.

*Jinkirin isa asibiti.* Babu mota, babu kuɗi, ko ruwa ya datse hanya da damina. Magani: asusun gaggawa, da sanannen direba ko mai kwalekwale da kowa ke da lambarsa. A jihohi irin su Zamfara da Katsina, direbobin ƙungiyar NURTW sun yi aikin sa-kai na ɗaukar mata masu naƙuda, kuma ba abin da zai hana kowane gari tsara irinsa.

*Jinkirin samun kulawa.* An isa, amma babu jini ko ma'aikaci. Magani: jerin matasan da suka san rukunin jininsu kuma suka yarda su bayar, da kwamitin ci gaban mazaɓa mai bibiyar asibitin yankinsa. Abin da ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti ana tura shi babban asibitin Argungu, ko asibitin Sir Yahaya da asibitin tarayya a Birnin Kebbi.

Misali na 5. A ɗauka ƙauye mai gida 40, kowane gida na zuba naira 200 duk Juma'a. A mako 8,000 ke nan, a mako huɗu 32,000. In kuɗin mota zuwa gari 10,000 ne, asusun zai kai mata uku asibiti a wata, da saura 2,000. A ajiye kuɗin a hannun mutum biyu amintattu, a rubuta shiga da fita, a karanta wa jama'a duk wata.

10. Kowa da aikinsa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga yadda gari zai raba aikin:

- Hakimi, dagaci da mai unguwa: kiran taro, sa ido kan asusu, hana sayar da madarar tamowa.
- Limamai: tunatar da magidanta a huɗuba da wurin suna cewa ciyar da iyali da kai su asibiti haƙƙi ne a kansu.
- Magidanta: ware gero da wake da gyaɗar yara tun da kaka, kafin a sayar da amfani, da rage wa gida kifi da ƙwai.
- Ungozoma: gane alamomin haɗari, raka mace asibiti, sa jariri a nono da wuri.
- Ƙungiyar mata: haɗuwa duk wata, awon damtse, haɗa garin kunu, shuka zogale da kabewa a bayan ɗaki.
- Matasa: gyaran rijiya da magudanar ruwa, ba da jini, shelar ranakun rigakafi, da na maganin zazzaɓin yara da ake rabawa duk wata da damina, da makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara.

Gwamnati na da nata nauyin na samar da ma'aikata da magani da hanya, kuma haƙƙin al'umma ne ta nema ta bakin kwamitinta da wakilanta. Amma awon damtse, izinin maigida, kwanon yaro da asusun gaggawa ba sa jiran kowa. Garin da ya tsaya a kansu zai ga yaransa na isa cibiya suna kan rawaya, matansa kuma na isa asibiti da sauran ƙarfinsu.

Tambayoyin bita

1. Mece ce tamowa? Kawo ire-irenta uku da alamar kowanne.
2. Me ya sa ake samun tamowa a yankin da ake noman shinkafa da kamun kifi? Kawo dalilai huɗu.
3. Yaya aka samu jimlar kwana dubu na farko?
4. Me za ka ce wa kakar da ke son ba jariri ɗan wata biyu ruwa?
5. Damtsen yarinya ya nuna 11.8, babu kumburi. Wane launi ne, kuma mene ne matakin ɗauka?
6. Yaro yana kan kore amma rami ya zauna a ƙafafunsa biyu. Me za a yi?
7. Ana son haɗa gwangwani 50 na garin kunu. Nawa ne gero, nawa ne waken suya, nawa ne gyaɗa?
8. Lissafa alamomin haɗari biyar ga mai ciki ko mai jego.
9. Bayyana jinkiri uku da maganin kowanne.
10. Gida 60 na zuba naira 150 duk mako. Nawa za a tara a mako huɗu?

Aikin gida

Ku kasu rukuni-rukuni na mutum biyar. Kowane rukuni ya rubuta tsarin gaggawa na unguwarsa: asibiti mafi kusa, mai mota ko kwalekwale, masu riƙe asusu, masu ba da jini, da ranar da za a riƙa awon damtsen yara. Ku kai wa mai unguwa ya gani, sannan ku kawo shi aji a mako mai zuwa.